Gidan da Komai Ke Kuka

Ranar da Auta ta fara ganin saurayin nan mai gyaran keke, wata tsohuwar tayar keken ɗinki ce a hannunta, duk tsatsa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, ƙanshin man inji ko'ina, shi kuwa ya kara kunne jikin wani keke kamar likita.

"Sannu da aiki. Bel ɗin wannan nake nema."

Ya ɗago, sai ya manta da sukudireban da ke hannunsa.

"Na wane irin keke ne?"

"Ba keke ba ne, fanka ce. Babana ya haɗa, da ƙafa ake taka ta."

"Fanka da ƙafa? Don Allah ki ce in zo in gani."

"Fankar kawai?"

"Da mai kawo tayar," ya ce can ƙasa-ƙasa. Auta ta sunkuyar da kai. Daga ranar ta sa masa suna Injiniya, shi kuma yake ce mata Fitilata.

Baba tsohon maƙeri ne, gidansa kuwa sai wanda ya gani. Ƙofa tana rufe kanta da kwalbar yashi da ke reto a igiya. Shanya tana zagaye kan garen keke, kana tsaye kayan su zo su same ka. Kuma kowane abu da irin kukansa: ƙofa ƙiii, shanya ƙyas-ƙyas, fanka gwaf-gwaf.

Wata safiya saƙo ya shigo wayarta: "Fitilata, na yi mafarkin ɗakinmu. Na haɗa miki labulen da ke buɗe kansa idan rana ta fito, don ta fara gaishe ki."

Ta yi ta murmushi ita kaɗai, sannan ta amsa: "Injiniya, ka fara haɗa kanka da Baba tukuna."

Ranar da Injiniya ya zo gaisuwa, Baba ya fita, Auta tana kicin. To, mai gyaran keke ai ba ya jin ƙara ya zauna lafiya, ga 'yar kwalbar mai kullum a aljihu. Ya ɗiga wa ƙofa, ya ɗiga wa shanya, ya bi fanka, ya bi ƙarfen jan guga na rijiya. Kafin ka ce me, gida ya yi tsit, shi kuwa sai fara'a, wai ya burge suruki.

Baba ya shigo. Ƙofar ta biyo shi shiru ta buge masa kafaɗa. Ya tsaya tsakar gida yana juye-juye, hannu a miƙe.

"Wa ya kashe mini gida?"

"Ni ne, Baba, na ga..."

"Fita! Wanda ya fara da wannan, ba zan ba shi 'yata ba."

Auta ta sha kuka. Ita kaɗai ta san idon Baba ya daɗe yana dushewa, da kukan kayan nan yake gane inda yake, kuma ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba. Ga alkawari, ga wanda take so kamar ranta.

"Fitilata, me na yi? Wallahi gyara na yi nufi," ya rubuto.

Ta amsa: "Ba zan iya faɗa ba. Amma gobe ka rufe idonka ka shiga shagonka."

Washegari amsa ta zo: "Na gane. Kaicona."

Da hantsi sai ga shi a bakin ƙofa da buhun tarkace: marafan kwalba, tsofaffin cokula, ƙararrawar keke. Ya durƙusa.

"Baba, na ɓata muku aiki. Kashe ƙara na iya, ban iya dawo da ita ba. Ku koya mini."

Auta tana bayan labule tana saurare. Can Baba ya yi gyaran murya.

"Shigo. Riƙe mini nan."

Haka suka wuni. Baba na cewa, "A'a, ta yi kauri, sassauta," Injiniya na ɗaure cokali a igiya. Kafin la'asar shanya ta koma waƙa, ƙofa ta samu sabuwar murya.

"Yaro," in ji Baba, "ka lura da wani abu game da ni?"

"Na lura kun fi ni kunne, Baba."

Baba ya dafa kan Injiniya, ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure, Injiniya ya kwaso kekunansa ya dawo maƙerar Baba da aiki. Ranar bikin, gida cike da dangi, Baba ya laluba ya kamo hannun Auta ya haɗa da na angonta.

"Jama'a, yau zan faɗa muku abin da na ɓoye. Idona ya tafi. Ban taɓa ganin fuskar yaron nan ba, amma na ji shi, kuma na yarda da shi. Auta, an ce kin yi kyau."

"Baba..." Hawaye suka hana ta ƙarasawa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a masu jin ƙanku."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.