Kada a Buɗe Kyamarar Malam

A garin Dutse, a shekarar 1996, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Hannunta ba ya zama wuri ɗaya. In ta ga abu ya lalace, sai ta ce ita za ta gyara.

Ita ke sa wa keken ɗinkin ummanta mai duk ranar Juma'a. Takan tsoma gashin kaza a cikin man, ta bi lungu-lungu tana shafawa. Tun daga nan ta ɗauka duk wani ƙarfen duniya mai yake so.

Kakanta, Malam Abdulƙadir, malamin gona ne a Buji. Allah ya yi masa rasuwa da damina. Da kakarta Inna Gaji ta gama takaba, sai baban yarinyar ya ɗauko ta, ta dawo gidansu da zama. A cikin kayanta akwai wata tsohuwar kyamara a jakar fata. Ita ce ta faɗo a rabon Baba na gado.

Wata rana da la'asar, Inna Gaji ta ɗora jakar a cinya tana shafawa.

Ta ce, "Malam ya ɗauki hoton kowa. Ya ɗauki gonaki, ya ɗauki shanu, har jakin maƙwabta bai bari ba. Amma shi ba shi da hoto. Kullum yana bayan abin nan."

Baba ya ce, "Inna, na takardar aikinsa fa?"

"Ruwa ya ci shi tun shekarar da ɗaki ya yi yoyo. Sau ɗaya tak na ga ya miƙa wa wani kyamarar ya ɗauke shi, ranar da aka buɗe sabuwar rijiya. Ban sani ba ko ya kai an wanke, ko yana ciki har yanzu."

Can ta ce, "Fuskarsa ta fara ɓace mini. Abin da ke damuna ke nan."

Baba ya ce, "Ranar Asabar zan kai ta wurin Malam Jaji mai hoto. Kafin nan kada kowa ya taɓa ta."

Da ya ce "kowa", yarinyar ya kalla.

Ranar Juma'a ta gama sa wa keke mai. Gashin kaza na hannunta, ga jakar fata a rataye. Ta ce a ranta, "Ai abin kunya ne a kai ta da ƙura haka. Bari in gyara ta, Inna ta ji daɗi."

Ta ɗauko kyamarar ta zauna a tsakar gida, inda rana ta fi haske. Ta goge jikinta da gefen zani. Ta ga wata 'yar taga a sama, lamba ashirin da huɗu na ciki. Ta ɗiga mai a maɓallin da ake dannawa. Ta ɗiga a gindin 'yar sandar da ake ja da babban yatsa. Sai ta ga wani ƙulli a gefe, ta ja shi sama.

Ƙwas! Murfin baya ya buɗe.

Wani dogon abu mai launin ƙasa ya bayyana, a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Ta taɓa jin malaminsu ya ce haske yana ƙona fim. Ta mayar da murfin da sauri. Ta duba 'yar tagar nan. Ashirin da huɗu ta tafi, sifili ya dawo.

Ta mayar da jakar inda take. Ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

Inna Gaji ta ce, "Ke kuma yau wa ya ci miki zarafi? Bakin nan da ba ya hutawa!"

Ta ce, "Babu komai, Inna." Amma akwai komai. Tsoro take ji, kunya take ji.

Da gari ya waye ta yanke shawara. Ita ta ɓata, don haka ba za ta zauna a gida ba. Ta roƙi Baba ya tafi da ita, ya yarda.

Shagon Malam Jaji yana kusa da tasha. Dattijo ne mai furfura da tabarau. Ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya juya ta.

Ya ce, "Masha Allah! Ƙirar Japan ce. Kun ga rubutun nan a goshinta? Sunanta ke nan. Lambar da ke ƙasa kuma ita ke nuna shekarunta. Ta haura ashirin da biyar. Ba ta cin batir, duk ƙarfe ne."

Baba ya ce, "Wani ya ce mini tsohon ƙarfe ce, in ba shi ya ba ni rediyo."

Malam Jaji ya yi dariya. "Ya so ya yi maka wayo. Ko a Kano sai an sha wuya a sami irinta. In an kula da ita, jikokinka ma za su ɗauki hoto da ita."

Ya taɓa maɓallin, sai ya ɗaure fuska. Ya shinshina yatsansa.

"Man keke? Wa ya yi wannan aika-aika?"

Baba ya ce, "Ko marigayin ne?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Malam Jaji ya leƙa 'yar tagar. "To, lamba tana kan sifili. Da alama babu fim a ciki. Bari in buɗe mu ga yadda man ya shiga."

Ya kai yatsa kan ƙullin nan. Hasken rana kuwa ya cika shagon.

"Malam, kada ka buɗe!"

Yarinyar ita kanta ba ta san muryarta ta kai haka ba. Duk suka juyo.

Ta ce, "Akwai fim a ciki. Na gan shi da idona. Ni na sa man, ni na buɗe ta jiya. Lambar ashirin da huɗu ce, da na buɗe ta koma sifili." Hawaye suka zubo mata, amma ba ta fasa ba. "Baba, ka hana, ban ji ba. Ka yafe mini."

Baba ya dube ta, ransa a ɓace. "Ban ce kada a taɓa ba?"

"Ka ce, Baba."

Malam Jaji ya janye hannunsa a hankali. Ya ce, "Ta daɗe a buɗe?"

"A'a, nan take na rufe."

"To, akwai sauran fata. Na sama-sama sun ƙone, wannan babu makawa. Amma na farko suna naɗe a can ciki, wataƙila haske bai kai gare su ba. Da na buɗe yanzu na tsaya dubawa, da duka sun tafi."

Ya ɗauko wata baƙar jaka mai hannuwa biyu. Ya sa kyamarar a ciki, ya zura hannayensa, ya naɗe fim ɗin cikin duhu. Ya ce sai an kai Kano za a wanke, su dawo bayan mako guda.

Yarinyar ta ce, "Malam, man fa? Ka nuna mini yadda ake yi, don kada in sake."

Ya nuna mata. Ƙura, da ɗan famfon roba ake hure ta. Gilashin gaba, da ƙyalle mai laushi ake goge shi, ba da gefen zani ba. Ba a ajiye kyamara inda ke da laima. Sa mai kuwa aikin mai gyara ne, shi ma da bakin allura yake sawa.

Ya ce, "Kin ba ni aikin kwana uku. Keke daban, kyamara daban. Matambayi ba ya ɓata."

Da suka koma gida, ita da kanta ta durƙusa gaban Inna Gaji ta faɗa mata komai. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Allah ya sa a dace." Wannan ya fi bulala zafi.

Makon nan ya yi mata tsawo ƙwarai.

Ranar Asabar Baba ya shigo da ambulan. Suka zauna a tabarma. Hotuna goma sha biyar suka fito, tara sun ƙone. A cikin waɗanda suka ƙone har da nata, wanda kakanta ya ɗauke ta da kayan Sallah. Ta ji zafi, amma ba nata take nema ba.

Baba yana ta ɗagawa. Ga gonar dawa. Ga wata saniya. Ga mutane a bakin rijiya.

Sai Inna Gaji ta riƙe masa hannu.

Ga Malam Abdulƙadir a tsaye, da guga a hannu, hularsa a karkace, yana dariya. Wani jan layi ya bi gefen hoton, amma bai taɓa fuskarsa ba.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Shi ne. Haka yake dariya." Tana kuka tana murmushi. Ta jawo yarinyar jikinta ta ce, "Hannunki ya yi ɓarna, amma bakinki ya yi gyara. Allah ya yi miki albarka."

Baba ya ce, "Me kika koya?"

Ta ce, "Abin da ban sani ba, in tambaya kafin in taɓa. In kuma na yi kuskure, in faɗa da wuri, tun kafin ɓarnar ta ƙaru."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce idan an karɓo kyamarar daga wurin Malam Jaji, ita za ta fara ɗaukar Inna Gaji hoto.