Saura Kabbara Ɗaya

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da ɗan acaɓa ya sauke Jalaluddeen a gefen hanyar Roni, daidai inda wata siririyar turba ta ratsa gonakin gero ta nufi duwatsu. Ya gyara jakar goyonsa, ya ƙara ɗaure igiyar takalmi, ya kama hanya.

Ba yau ya fara ba. Mai gyaran waya ne a bakin tashar Kazaure, duk mako yana dunƙule a shagon da ko miƙe ƙafa ba a yi a cikinsa. Shi ya sa in an sauko daga masallacin Juma'a sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Ya hau dutse, ya kwana a can, ya ɗauki hoton fitowar rana, ya gangaro ta wajen Gwiwa ya shiga mota zuwa gida. Da can su biyu ne, shi da abokinsa Mu'azzam, suna raba kayan tanti: wannan ya ɗauki yadin, wancan ƙarafa da turaku. Da aiki ya mayar da Mu'azzam garin Dutse, sai tantin ya zame masa wahala. Ya gwada ɗauka shi kaɗai, ya yi kwanaki kafaɗarsa na zogi.

A wajen 'yan gwanjo a Kano ya samo mafita. Buhun kwana ne, dogo daidai tsayin mutum, na yadin da ruwa ba ya ratsa shi. Mutum ya zura jikinsa ciki, ya ja zif daga ƙirji har ka, sai wata 'yar raga daidai fuska don shan iska da tare sauro. Babu ƙarfe, babu turke. In aka naɗe shi bai fi curin burodi ba. Da alama da can ruwan toka ne, amma rana da wanki sun koɗar da shi ya koma fari.

Ranar da ya kawo shi, a tsakar gida ya shimfiɗa ya shiga don ya gwada. Matarsa Bahijja ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya cak.

“Baban Amna, don Allah fito.”

Ya yi dariya daga ciki. “Kin ga ko sauro ɗaya ba zai same ni ba.”

“Ni dai ka fito. Ba na son ganinka a haka.”



Yanzu ga shi yana hawa ba nauyin komai a bayansa, har yana jin daɗin dabararsa. Ƙarshen damina ne. Ciyawa ta kai gwiwa, dutse na fitar da zafin da ya sha da rana. Can ƙasa shanu na komawa ruga, yana jin kukansu sama-sama. Ya sami wani ɗan fili tsakanin manyan duwatsu biyu, ƙasarsa laushi, shimfiɗe kamar an share. Da tanti ne da ba zai shiga wurin ba. Buhun kuwa ya zauna daram, kai ka ce an auna.

Ya yi magariba, ya ci ƙuli-ƙuli da dabino, ya jira isha'i ya yi. Ya ajiye jaka da takalmi a gefe, ya shige buhun, ya kwanta a kan hannun dama yana fuskantar gabas kamar yadda ya saba. Ya ja zif har sama. Ta cikin ragar yana kallon taurari. Gyare na kuka, kwaɗi na amsawa daga wani kududdufi. Barci ya ɗauke shi.

Shiru ne ya tashe shi.

Babu gyare. Babu kwaɗi. Ko iska ba ta kaɗawa.

Sai ya ji sara. Tim. Tim. Diga ce ke cin ƙasa, can sama da shi kaɗan. A tsaya, shebur ya kwashe, a ci gaba. Ya ce a ransa, wane manomi ne zai yi haƙa a kan dutse a wannan lokaci? Ya yunƙura zai ɗaga kai. Kan ya ƙi. Hannu ya ƙi, ƙafa ta ƙi. Ya ce dannau ne, yanzu zai sake ni.

Wani ƙamshi ya shigo ta ragar. Ya san shi. Kafur ne, da ɗanyen ganyen magarya. Rabonsa da jin su tare tun ranar da aka wanke mahaifinsa.

Wani ya tsuguna a bayansa. Bai ji takunsa ba, motsin yadi kawai ya ji. Muryar ƙasa-ƙasa take, irin ta tsoho.

“Wa ya kawo shi?”

“Haka muka tarar da shi,” in ji wata muryar. “An riga an yi masa sutura.”

“An kyauta masa. Har alƙibla an fuskantar da shi. Babu 'yan'uwa?”

“Ba mu ga kowa ba.”

“To mu ne 'yan'uwan. Ba a barin musulmi a yashe. Ku kama.”

Hannuwa suka shiga ƙarƙashinsa. Da yawa. A kafaɗa, a ƙugu, a gwiwa, a diddige. Sanyinsu ya ratsa yadin da ruwa ba ya ratsawa. Suka ɗaga shi a hankali, da girmamawa, yadda ake ɗaga abin da ake tausayi. Taurari suka fara tafiya a cikin ragar. Ba ya jin takun kowa. Abin da yake ji kawai gunguni ne, gaba da baya, hagu da dama.

“La'ilaha illallah. La'ilaha illallah.”

Ya buɗe baki zai yi ihu. Iska ce kawai ta fito.

Suka sauke shi. Ƙamshin sabuwar ƙasa ya cika masa hanci, ɗanya, mai sanyi. Dab da kansa wani na fasa tukunya, ƙwas, ƙwas, a hankali don ta rabu biyu daidai. Wani na zuba ruwa yana kwaɓa ƙasa.

Ramin yana nan kusa. Yana jin sanyinsa a fuska.

A bayansa aka yi gyaran murya.

“Namiji ne ko mace?”

“Namiji ne.”

“Sunansa?”

“Jalalu, ɗan Saude.”

Mahaifiyarsa ta rasu tun yana goye. Ko a Kazaure waɗanda suka san sunanta na yanka ba su da yawa.

“A daidaita sahu.”

Yadi ya yi ta motsi, daga nan kusa har can nesa, kamar iska ta bi ta gonar gero. Sannan shiru.

“Allahu Akbar.”

Jama'a suka amsa. Amsar ta taso daga bayansa ta tafi, ta tafi, har sai da ya ji ta a kan dutsen da ke tsallake. Bai taɓa jin taro mai yawan wannan ba, ko a filin idi.

Ya kama Ayatul Kursiyyu a zuci, ya kai ƙarshe, ya sake. Babu wanda ya motsa. Me zai kore su? Sallah suke yi.

“Allahu Akbar.”

Ya tuna Amna, 'yarsa, yadda ta riƙe masa wando da zai fito tana cewa ya kawo mata magarya. Ya tuna Bahijja za ta kwana tana jiran gari ya waye ya kira ta. Ba za a ga gawa ba, ba za a ga kabari ba. Za a ce ya tafi dutse bai dawo ba.

Ɗan yatsansa ya motsa.

Ya tattara duk abin da ya rage masa ya tura hannu sama, kaɗan-kaɗan, har ya taɓa kan zif. Ya ja. Zif ɗin ya cije da ragar. Ya sake ja. Ko gezau.

“Allahu Akbar.”

Ta uku ke nan.

Harshensa ya saki. Muryar da ta fito ba ta fi ta sauro ba.

“Ina da rai.”

Mai fasa tukunya ya tsaya.

“Ka ji?” ya raɗa wa na cikin ramin. “Gawar tana magana.”

“Sukan yi. Miƙo min tukunyar.”

Makullin shago na aljihun wandonsa. Ya laluba. Ya kama. Ya kawo shi fuska, ya soka a ragar, ya ja da hannu biyu.

Ƙiiii.

Ya fitar da kai. Kafaɗa. Ya mirgina, hannunsa ɗaya ya zurma cikin ramin, wani abu mai sanyi ya shafi yatsunsa. Ya fizge, ya tsallake tulin ƙasar da rarrafe, ya miƙe.

Sau ɗaya ya waiga.

Limamin na tsaye dab da buhun, dogo har fuskarsa ta shige duhu. Hannuwansa biyu sun taso sun kusa kunne, sun tsaya a nan. A bayansa sahu ne bayan sahu, farare, sun rufe dutsen har iya ganin ido. Duk kawuna a sunkuye.

Babu wanda ya ɗago. Babu wanda ya bi shi. Ba a katse sallah.

Ya zura da gudu ba takalmi. Ƙaya ta kama shi, dutse ya yanke shi, ya faɗi ya tashi, ya sake faɗuwa. Kunnensa na baya, yana jiran kabbarar nan ta huɗu. Bai ji ta ba har ya faɗa cikin gero, har karnuka suka taso masa da haushi.

Rugar wani dattijo ce mai suna Abu. Ya fito da tocila da sanda, ya haske shi, ya ga jini a ƙafa da ƙasa a hannu, ya sauke sandar. Ya zaunar da shi bakin wuta, ya ba shi ruwa. Da ya ga yana karkarwa sai ya ɗauko bargo zai lulluɓa masa. Jalaluddeen ya yi wata ƙara da ta sa shanu miƙewa.

“Kar ka rufe ni, Baffa! Don Allah kar ka rufe ni!”

Da hantsi suka hau tare. Jakar da takalmin suna nan inda ya ajiye su, tsakanin duwatsun nan biyu, ko raɓa ba ta taɓa su ba. Buhun babu. Jalaluddeen ya nuna sama da hannu, amma ƙafarsa ta ƙi gaba. Abu ya hau shi kaɗai. Bai daɗe ba ya dawo, yana tafiya da baya-baya, bakinsa na motsi.

“Me ka gani, Baffa?”

“Mu sauka, ɗana.”

“Ramin na nan?”

“Na ce mu sauka.”

A gida Bahijja ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ta dafa ruwa ta gasa masa ƙafa, tana cire ƙaya tana share hawaye da gefen mayafi. Da yamma ta aika aka kira Baba Kura, yayan mahaifinsa, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar iyayensa. Tsohon ya zauna bakin katifa ya saurari labarin daga farko har ƙarshe, carbi a hannu, bai katse shi ba. Da ya gama sai ya tambaye shi abu ɗaya.

“Limamin ya sallame?”

“A'a, Baba. A ta uku na fita.”

Carbin ya tsaya.

“Mene ne, Baba?” in ji Bahijja.

“Ba su zalunce shi ba, 'yata. Gawa suka gani a yashe, suka yi abin da ya wajaba. Abin da ke damuna, sallar da aka tayar ba a watsewa sai an sallame.” Ya dubi ƙasa. “Suna nan tsaye.”

An yi sauka, an yi sadaka, an yi tofi. Ƙafar ta warke. Jalaluddeen ya koma shago, amma bai sake hawa dutse ba, ko hanyar Roni ba ya bi. Duk sanyin da ake yi ba ya lulluɓa, a zaune yake barci, ya jingina da bango, fitila a kunne. In aka yi rasuwa a unguwa, yakan je gaisuwa bayan an dawo daga maƙabarta. Mutane suka yi ta magana, ya ƙyale su.

Da damina ta zagayo Baba Kura ya kwanta, bai tashi ba. Wannan kam babu gudu. Aka shimfiɗe shi a ƙofar gida, jama'a suka yi sahu. Jalaluddeen ya koma na ƙarshe, ya tsaya a can bakin sahun, inda babu kowa a damansa sai katanga.

Liman ya yi kabbara ta farko. Ya yi ta biyu. Ya yi ta uku.

Wata kafaɗa mai sanyi ta jingina da tasa ta dama. Muryar ƙasa-ƙasa take, babu faɗa a cikinta, sai lallashi.

“Ɗan Saude, a yi haƙuri a zo. Malam ya gaji da tsayuwa.”