Kofi Biyar Na Mama Tjitske

An jera kujeru zagaye a falo kamar yadda aka saba, kowa da kofin gahawa da yankan kek ɗaya tal. Mama Tjitske ce ta cika sittin. Ta miƙe ke nan za ta yi godiya, sai ga minshari!

Douwe ne, saurayin 'yarta Wietske. Wuya ya langaɓe, kek ya sulale ƙasa.

"Wietske! Same ni a kicin!" in ji Mama.

Ƙofa na rufuwa ta hau ta da faɗa. "Karo na uku ke nan! Ya yi ranar Kirsimeti, ya yi a bikin kawunki Sjoerd. Mutum sai barci kamar kasa!"

"Haba Mama! Kin san fa tun da keke ya kayar da shi a kan ƙanƙara kansa ya bugu..."

"Shekara guda! Ɗinki ya warke, gashi ya rufe wurin. Lalaci ne da raini. In kin nace ku je ofis a ɗaura muku aure, amma ban da ni!"

Wietske ta fashe da kuka. Ita ma fa, tsakani da Allah, ta gaji. Da dare bawan Allahn nan ido biyu, da rana ana magana yana gyangyaɗi. Ranar da ya nemi aurenta ma sau biyu hamma tana katse shi! Amma tana son kayanta, ya za ta yi?

Ranar Talata Mama ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta je gidan mutum ba tare da an sa rana ba. Niyyarta ta ce wa Douwe ya rabu da 'yarta. Ya buɗe mata, idanunsa jajir. Kafin ta zauna idonta ya faɗa kan takardar likitan da ke duba bugun kansa manne a jikin firji: ban da gahawa bayan sha biyun rana, ƙarfe biyu a kwanta rabin awa, kullum.

Ta juyo ta dube shi. "Ƙarfe biyu nake fara tarona... kuma kofi huɗu na zuba maka."

"Biyar, Mama."

"Kai kuwa wane irin mutum ne? Ba ka da baki?"

"Wata uku da kika rubuta taron a kalanda. Na hana Wietske faɗa, kada a rushe tsarin gida saboda ni. Daga na sha gahawarki, kwana biyu ba na runtsawa. Amma wa zai ce miki a'a?"

"Sakarai!" ta ce, hawaye na zuba. "Ashe ni nake ta kashe ka da karamci!"

Da sha ɗayan safe aka ɗaura auren, Mama a sahun gaba. Ana gama cin abinci, ƙarfe biyu daidai, kan ango ya sauka a kafaɗarta. Kawu Sjoerd ya miƙe zai yi jawabi.

"Zauna, Sjoerd! Surukina na barci."

Rabin awa cur ba ta motsa ba, kafaɗa ta sage, Wietske na dariya tana share ido. To, ku ji: ba kowane ciwo ne ke barin tabo a fili ba. Kafin ka kira mutum malalaci, tambaye shi yadda ya kwana.