Modul Ɗin Da Ya Ƙi Shiga

Da hantsi aka kira Insfekta Jurandir zuwa kamfanin sadarwa na Maré Alta, bayan tashar jiragen ruwan Recife. Ya bar kofin gahawarsa a mota ya shiga, kofur ɗinsa na biye da shi.

Darakta Valdomiro ya tare shi yana zufa.

"Sata aka yi mini, Insfekta! An kwashe memorin babbar sabarmu, wato ma'adanar kwamfutar da ke riƙe da layukanmu. Duk sanda muka ɗora sabon modul sai ta ce babu wuri."

"Mene ne modul?"

"Ƙaramar manhaja ce da ake liƙa wa kanel, wato zuciyar na'urar."

Insfekta ya sa aka buɗe sabar a ɗakin sanyi. Sandunan memori na nan jere, hatimin masana'anta ko ƙwarzane babu.

"Ɓarawonka bai ɗauki komai ba, Yallaɓai. Aikin me modul ɗin yake yi?"

"Tsaro ne kawai," in ji Valdomiro, ya kawar da kai.

Injiniyoyi biyu ke riƙe da sabar. Babbarsu, Dona Edileuza, tana zaune tana cin tapioka, wainar rogo, ba ta ko miƙe ba.

"Memori kamar teku, amma ta ce babu wuri. Ta yaya?" Insfekta ya tambaye ta.

"Kanel na ware wa modul ɗan lungu. A na'ura mai kawunan sarrafa aiki da yawa irin wannan, kowane kai sai an yanka masa rabonsa. In lungun ya cika, sauran memorin ba ya amfanar da kowa. Gyaran shi ne a faɗaɗa lungun, a sake gina kanel."

"To ki faɗaɗa."

"Na gwada, ya ƙi."

Insfekta ya kira ƙwararriyar ofishinsu ta duba. Kafin la'asar ta ba shi amsa: bara an faɗaɗa lungun sosai, makon jiya wani ya sake matse shi. Tsofaffin modul duka sun shiga daidai, sabon ne kaɗai aka bari a waje. Sabon kuwa aikinsa kwafar saƙonnin wasu layukan waya ne, na shugabannin 'yan dako masu yajin aiki a tashar.

Ya tara Valdomiro da injiniyoyin biyu a ofishin darakta. Cleiton, ɗayan injiniyan, ya yi wuf ya miƙe.

"Ni ne. Kuskure na yi."

"Madalla. Wane layi ka canza a rubutun kanel ɗin?"

Cleiton ya shiga kame-kame.

"Zauna, ɗan'uwa, ƙarya ma ba ka iya ba," in ji Edileuza. Ta juyo ta dubi Insfekta ido cikin ido. "Ni na matse shi. Na auna modul ɗin darakta, na yanke wurin yadda ba zai taɓa shiga ba. Surukinsa ke riƙe da tashar, sunaye yake nema ya kori mutane. Na ce ba zan ɗora ba, ya ce zai kawo wanda zai ɗora. To ya kawo mana."

"Kin ji kunya, Edileuza! Ni na ɗauke ki aiki!" Valdomiro ya daka tsawa.

"Aikin haɗa mutane ka ɗauke ni, Yallaɓai Valdomiro. Gobe ka saka ni gaban na'urar, haka zan sake yi."

"Kin san lalata kayan kamfani laifi ne, Dona?" in ji Insfekta.

"Na sani tun kafin in taɓa."

Ta miƙa hannuwa da kanta a sa mata ankwa. Insfekta ya girgiza kai, ya nuna mata ƙofa kawai ta wuce motarsu. Valdomiro ya sauke ajiyar zuciya.

"Na gode, Insfekta. Yanzu sai a gyara mini sabar."

"Sabar shaida ce. Kofur, cire ta, da duk abin da ke cikinta. Alƙali zai so ya ga takardar kotun da ta ba ka izinin leƙa saƙonnin mutane."

Valdomiro ya zauna daɓas.

Edileuza ta tsaya a bakin ƙofa, ta waiwayo ta ce da kofur, "A hankali, malam. Ka kashe ta tukuna kafin ka zare waya. Ita ba ta yi wa kowa laifi ba."