Hoyar Tagar Aling Perla

Ranar da Luningning ta fara ganin Efren, almakashi ne a hannunsa, hoyar mahaifiyarta, wata shukar fure mai yaɗo, kuma zube a ƙasa. Fentin taga aka kira shi ya yi a gidansu da ke Los Baños, a ƙasar Filifin, sai ya ga shukar ta nannaɗe ƙarafan, ya datse ta, har da 'yan sandunan da fure ke sake fitowa a kansu.

"Wa ya sa ka?" in ji Luningning.

"Busassu ne ai. Gyara na yi muku."

"Kanka ne busasshe. Marigayi babana ne ya dasa ta."

Mahaifiyarta, Aling Perla, ta leƙo. Ta wurgo masa bokitin fentinsa waje ta rufe ƙofa.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayar Luningning: "Na tambaya, an ce laifina ne. Yi haƙuri, sarauniyar masifa."

"Goge lambata."

"Na goge. Amma na riga na haddace."

Ta yi dariya, sannan ta ji haushin kanta. Haka suka dinga cizon juna ta waya har damina ta kankama, "sarauniyar masifa" ta koma "Ning tawa".

Dante, ɗan maƙwabciyarsu wanda Aling Perla ke so ya zama surukinta, shi ya kawo gulma. Wai da gangan Efren ya yi yankan, rassan suna gidansa zai kai kasuwa. Ning ta tafi can a fusace, ta kuwa same su jere cikin ɓawon kwakwa.

"Ashe ɓarawo nake so?"

Efren ya ɗaure fuska. "A shararku na tsince su. Rabi sun ruɓe don na cika musu ruwa. Waɗannan nake jira su yi saiwa in kai wa mamanki. Tunda maganar Dante kika ɗauka, kwashe ki tafi."

Girman kai ya hana ta ba da haƙuri. Ta kwashe ta tafi, saƙo ya ɗauke ɗif.

Da rassan suka yi saiwa a gida, Aling Perla ta daɗe tana duba fararen saiwoyin, kafin ta dubi 'yarta.

"Har gobe ba ya burge ni. Amma kin daina cin abinci, ni kuma na gaji da ganin wannan fuskar. Kira shi."

Ning ta rubuta: "Ni ce da laifi. Mama ta ce ka zo da iyayenka."

"Maimaita na farkon."

"Kar ka wuce gona da iri, masoyi."

Ranar da aka ɗaura auren a coci, Dante bai leƙo ba. Aling Perla ta tsaya gaban ango da amarya, fuska ba walwala.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu taurin kai irinku, ku ma ku ɗanɗana."

"Amin, Mama," in ji Efren. Ya sunkuya ya ɗora hannunta a goshinsa, gaisuwar girmamawa irin tasu, ita kuwa ba ta janye ba.