Wutsiyar Lamba da Bakin Tabarma

Ku matso kusa, ku bar mutsu-mutsu. Labarin jikata zan ba ku.

Albasarmu da ke fadamar Kebbe ta fara jin ƙishi. Sai ɗana Nasiruddeen, wanda ke aiki a ƙasar waje, ya bugo waya.

"Inna, zan saya miki injin ban ruwa!"

Jikata ta daka tsalle har ɗankwalinta ya faɗi.

Ya ce kuɗin intanet zai turo, wanda ake kira kirifto. Kamilu mai shago a Tambuwal zai karɓa, ya biya mai injin. Abin da ake so kawai shi ne lambar asusun Kamilu.

"Ni zan je in rubuto!" in ji jikata. "Ni ce ta ɗaya a ajinmu."

Atu mai babur ya kai ta. Lambar doguwa ce, haruffa da lambobi a cakuɗe. Kamilu ya ce ta sake karanta masa kafin ta tafi. Ina! Hankalinta na kan jan injin da ke shagon gaba. Shi kaɗai ya rage, kuma mai shi ya ce la'asar na yi zai sayar wa wani.

Ta dawo gida, ta tura wa baffanta lambar ta ƙaramar wayata. Ina zaune ina saƙa tabarma, sai ga kira.

"Lambar nan ta ƙi shiga," in ji Nasiruddeen. "Wayata ta nuna ja."

"Baffa, wayarka ce ta lalace. Danna kawai!"

"Ke, rufe mana baki," na ce. "Nasiru, mi wayar taka ta ce?"

"Inna, haruffan ƙarshe na lambar masu gadi ne. Daga na gabansu ake lissafo su. In an kuskure ko ɗaya a tsakiya, wutsiyar ba za ta dace ba. Sai waya ta ƙi turawa."

"In babu masu gadin fa?"

"Da kuɗin sun tafi inda ba mai dawo da su."

Jikata ta turo baki. "Ni dai ban yi kuskure ba."

Na jawo tabarmar da ta fara saƙawa shekaranjiya, na shimfiɗa a gabanta.

"'Yar boko, dubi bakin nan. Ya haɗu?"

"A'a, ya karkace."

"Kin tsallake kaba ɗaya a tsakiya. Ban ga wurin ba, amma bakin ya tona ki. To wayar baffanki ma baki ta duba. Ɗauko takardarki."

Inuwar darbejiya ta fara tsawo. Muka kira Kamilu. Yana karantowa ɗaya bayan ɗaya, ita tana bi da yatsa.

"Bakwai, fuɗu," in ji Kamilu.

Yatsanta ya tsaya cak. Ita huɗu ta fara rubutawa, sannan bakwai.

Idonta ya cika da hawaye. "Kaka, ni ce. Baffa Kamilu ya ce in sake karantawa, na ƙi."

"Kuka ba ya ba albasa ruwa. Gyara."

Ta gyara. Ta karanta wa Kamilu sau biyu, sannan ta tura. Muka zuba wa wayar ido. Ko akuya ba ta yi motsi ba.

Sai ga kira. "Inna, ta karɓa! Na tura!"

Ana kiran sallar la'asar Kamilu ya bugo ya ce ya biya, injin na hannunsa. Jikata ta zagaye tsakar gida da gudu tana ihu. Ni ban yi ihu ba. Amma na ba ta ƙosai biyar.

Washegari Atu ya iso da injin ɗaure a bayan babur, yara na bin sa. Da ruwa ya feso cikin albasa, jikata ce ta fara jiƙewa. Da yamma ta zauna ta warware tabarmarta har inda ta tsallake.

To, kun ji. In kun kwafi lamba, ku sake dubawa. In waya ta nuna ja, kada ku yi mata gardama, ku nemo inda kuka kuskure. Yanzu a tashi a wanke hannu.