Ranar da Mai Tabarau Ta Cika Saƙo Dubu

Akwai wata yarinya da ake kira Auta. 'Yan ajinsu suna da zaure a waya, inda suke taimakon juna da aikin gida. Malama ce ta buɗe musu.

A zauren babu kamar Mai Tabarau, ƙawar Auta. Duk wanda lissafi ya ɗaure wa kai, ita ke warware masa. Ta rubuta, ta ɗauki hoto, ta tura.

Wata rana Malama ta sanar: "Yau Mai Tabarau ta cika saƙo dubu. Ku taya ta murna."

Barka ta yi ta shigowa. Abin ya ba Auta haushi, don nata ko kusa bai kai ba. Sai ta rubuta: "Barka, sarauniyar surutu. Da ma marar aikin yi ke cika dubu."

Wasu suka yi dariya. Auta ta ji daɗi.

Mai Tabarau ta karanta saƙon. Ta goge hotunanta duka, ta fita daga zauren. Washegari ta canza benci.

Jarrabawa ta matso. A yi tambaya a zaure, shiru. Waɗanda suka yi dariya su ne suka fara ce wa Auta, "Ai ke kika kore ta."

Auta ta dawo gida jiki a sanyaye. Kaka tana shanya wanki.

"Ke, wa ya mutu?" in ji Kaka.

"Wasa fa kawai na yi wa Mai Tabarau a waya, Kaka."

Kaka ta matse riga ta rataye. "Ni ban yi boko ba. Karanta min wasan, ni ma in yi dariya."

Auta ta buɗe wayar Mama. "Barka, sarau..." Sai ta kife wayar.

"Ina jin ki."

"Ba zan iya ba."

"Au! Bakinki na da kunya, yatsanki ne babu?"

Hawaye ya zubo wa Auta. "Zan tura mata saƙon haƙuri."

"Aje wayar nan. Sa takalminki. Gidansu bai tashi ba."

Mai Tabarau tana share ƙofar ɗaki lokacin da Auta ta yi sallama.

"Ki yafe min," in ji Auta. "Hassada ce ta kama ni."

Mai Tabarau ta jingina tsintsiya a bango. "Da wani ne ya faɗa, ba zan damu ba. Yawancin hotunan nan don ke nake turawa. Na san kina jin kunyar tambaya. Amma na yafe miki."

Auta ta rasa inda za ta sa kanta.

Ta koma gida ta faɗa wa Kaka an yafe mata.

"Da saura," in ji Kaka. "A gaban mutane kika kunyata ta. A gabansu za ki gyara."

Auta ta rubuta a zaure: "Na yi kuskure. Barka da cika dubu, ƙawata. Mun gode."

Mai Tabarau ta dawo zauren, ta dawo bencinsu. Hotunan dai sun tafi ke nan, sai da suka zauna tare suka sake warware lissafin daga farko.

Yara, in ɗan'uwanku ya yi abin kirki, ku yaba masa da zuciya ɗaya. Abin da ba za ku iya faɗa a gaban manya ba, kada ku rubuta shi.